Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakuna, Limamai Da Attajiran Hausawan Sudan Kan Karatun Jami'a Ta Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakuna da masu unguwanni. Allah gafarta malamai, limamanmu. Alhazai 'yan kasuwa da manyan manoma, na gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa. Ina yi mana ta'aziyyar waɗanda muka rasa a wannan yaƙi, Allah ya jiƙansu, ya mayar da waɗanda suka warwatse gidajensu lafiya.

Ni ɗanku ne, haifaffen Gadarif, malamin jami'a mai koyar da ilimin ƙasar noma. Na rubuto muku ne a kan 'ya'yanmu da suka sami gurbin karatu a jami'a, waɗanda sunayensu ke nan a rajista har gobe, amma karatun ya suɓuce musu ko yana gab da suɓucewa. Da Hausa na rubuta, kuma a fili, domin maganar ta cikin gida ce, kuma mafi yawan maganinta yana hannunku.

Kun san yadda abin ya faro. Ranar 15 ga Afrilu, 2023, aka fara ɓarin wuta tsakanin sojoji da dakarun RSF a Khartum, inda manyan jami'o'in ƙasar nan suka taru. Jami'ar Khartum, wadda asalinta Kwalejin Gordon ce ta 1902, da Jami'ar Sudan ta kimiyya da fasaha, da Nilain, da Ahfad ta mata a Umdurman, da Jami'ar Afirka inda 'yan'uwanmu daga Kano da Sakkwato da Damagaram ke karatu, duk suka rufe ƙofa a rana ɗaya. Aka wawashe ɗakunan gwaje-gwaje, aka lalata ɗakunan littattafai. Malamai da ɗalibai da yawa suka gudu Madani, sai ita ma ta faɗi a watan Disamba na wannan shekarar, Jami'ar Jazira da aka kafa tun 1975 ta bi sahun masu gudun hijira. A ƙarshen watan Yuni na 2024 wutar ta kai Sinja. Kafin duk wannan ma yaran sun riga sun yi asarar lokaci: an rufe jami'o'i watanni da yawa a juyin juya halin 2018 zuwa 2019, sannan annobar korona ta zo a 2020. Akwai yaron da ya shiga jami'a yana ɗan shekara goma sha takwas, yau ya doshi ashirin da biyar bai riƙe takardar digiri ba.

A haka jami'o'i suka koma koyarwa ta intanet, kuma ina cikin waɗanda suka goyi bayan hakan. Ba na cikin masu cewa karatun waya ba karatu ba ne. Da ba don shi ba, da tuni an yi asarar ɗalibai na shekaru uku cur. Sai dai akwai abin da ba a faɗa muku ba lokacin da aka yi sanarwar. A da, jami'a ce ke ɗauke da aji da kujera da wuta da allo da littafi da wurin kwana. Da aka koma waya, duk wannan nauyi ya sauka a kan uban ɗalibi. Shi zai sayi wayar, shi zai sayi data, shi zai nemo wutar caji, shi zai samar da lungun da yaro zai zauna shiru ya saurara. Gidan da ya iya, ɗansa ya ci gaba. Gidan da bai iya ba, ɗansa ya zame ba wanda ya ji motsinsa, domin babu kujerar da za a gani wayam a aji a tambayi ina mai ita.

Bari in gaya muku yadda nake ba da darasi yanzu. Bayan isha'i nake zama in ɗauki lacca da murya, in yayyanka ta gajeru-gajeru, don doguwa ba ta saukuwa a wayar da sabis ɗinta ke zuwa yana ɗaukewa. Abin da da zan zana a allo, a takarda nake zanawa in ɗauki hotonsa. Sai in tura zauren ajin na WhatsApp ko Telegram. A WhatsApp mutum yana iya ganin waɗanda suka buɗe saƙo da lokacin da suka buɗe, kuma wannan jerin sunaye shi ke hana ni barci. Kafin in ajiye wayar, ɗaliban da iyayensu suka kai su Alƙahira ko Riyad ko Jidda sun saurara, har sun turo tambaya. Na Bur Sudan da Atbara su biyo baya da safe. Na ƙauyukan bakin kogin Rahad da na yankin Sinnar da Damazin sai bayan kwanaki, wasu kuma sunansu ba ya fitowa sam. In na karanta waɗannan sunaye na ƙasan jerin, sunayen gidanmu nake gani.

Akwai wata ɗalibata, yarinya mai kaifin ƙwaƙwalwa, wadda gidansu waya babba ɗaya ce, ta yayanta. Shi kuma da ita yake ciniki a kasuwa, domin yanzu kusan duk saye da sayarwa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ake yi, ba zai iya bar mata ita da rana ba. Sai ya dawo da dare take karɓa, in da sauran caji. Ta saurari laccar, ta kwafe ta kalma-kalma cikin littafi da hasken tocila, sannan ta goge don wayar ba ta da wurin ajiya. Zango guda ta yi a haka, kuma amsoshinta sun fi na waɗanda ke da kwamfuta a ɗaki mai sanyi. Da aka zo neman aurenta, mahaifinta ya ce ai karatun ya tsaya tun da aka rufe jami'a. Ba mugu ba ne, yana son 'yarsa. Abin da idonsa ya gani ya faɗa: bai ga ta fita da jaka ba, bai ga malami ba, bai ga makaranta ba.

Nan ne nake so limamanmu su saurare ni da kyau. Lokacin da yaro ke Khartum, nisa ne ke kare masa lokacin karatunsa, ba mai aiken sa gona ko kasuwa. Yanzu yana ɗaki, da abin sauraro a kunne, ido a kan waya, duk wanda ya leƙa zai ɗauka zaman banza yake yi. Sai a ce tashi ka kai wa leburori abinci, tashi ka tsare shago, ke kuma tashi ki ɗora tukunya. In lokacin yankan riɗi ya zo a watan Oktoba zuwa Nuwamba, kun fi ni sanin ba ya jira, in aka yi jinkiri sai ya fashe ya zube, don haka kowane hannu ana bukatarsa. Ban ce kada ɗalibi ya taimaki gida ba, ni ma a gona na tashi. Roƙona shi ne ku faɗa a kan mumbari ranar Juma'a cewa wanda ke sauraron darasin jami'a ta waya yana cikin aji ne, a ba shi sa'o'insa kamar yadda ake ba almajiri lokacin allonsa. Ku faɗi kuma cewa aure ba ya yanke karatun yarinya, a sa sharaɗin ƙarasawa tun wajen neman aure. Magana ɗaya daga bakin liman ta fi takardar jami'a nauyi a gidajenmu.

Ko gidan da ya fahimta ma, wuta da sabis suna iya karya shi. A watan Fabrairu na 2024 layukan Zain da Sudani da MTN suka ɗauke a kusan faɗin ƙasar, wasu wurare suka yi makonni ba ko kira. A inda layi bai dawo ba, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu na'urar Starlink mai jawo intanet daga tauraron ɗan'adam, kuma wanda ya biya awa ɗaya don ya karɓi kuɗin cefane daga ɗan'uwansa na waje ba zai ƙare ta a sauke lacca ba. A farkon 2025 jirage marasa matuƙa suka kai hari kan tashar wutar madatsar Marawi da wasu tashoshi, garuruwa da yawa suka kwana cikin duhu. Ɗalibi ya kai wayarsa shagon caji da safe, ya biya, ya dawo da yamma ya karɓa, darasin kai tsaye kuwa an yi shi da azahar an tashi. Ga fam ɗin ƙasar yana ta faɗuwa, kuɗin data na wata ya shiga gasa da kuɗin dawa.

Abin da nake roƙon alhazanmu ba wani babban gini ba ne. Ɗaki ɗaya a kowace unguwa, a jikin masallaci ko halwa, wato makarantar allo, ko zauren mai unguwa. A ɗora masa farantan sola da batir mai kyau, a ja masa intanet ta layin da ya fi ƙarfi a wurin, a sa tabarmi ko benci, da kwamfutoci ko da na hannu ne guda uku ko huɗu, da na'urar buga takarda. A ɗauki matashi amintacce ya riƙe makulli, a riƙa ba shi ɗan abin sabulu. Da dare in layi ya yi sauƙi, shi zai sauke laccocin duk ɗaliban unguwar, da safe kowa ya zo ya kwashi nasa a waya ko a ƙaramin katin ajiya ba tare da ya kashe ko sisi a data ba. A ware wa mata sa'o'insu, da mace mai kula da su, domin uban da ba zai bar 'yarsa ta je shagon caji a kasuwa ba zai bar ta ta je jikin masallacin unguwarsu. Masu tsoron cewa waya na lalata tarbiyya, kuma tsoronsu na da tushe, su duba su gani: yaro a ɗakin da ake ganinsa, cikin 'yan'uwansa masu karatu, ya fi tsira a kan yaro shi kaɗai da waya cikin dare.

Na san za ku iya, don na ga abin da kuka yi. Da 'yan gudun hijira suka cika Gadarif da Kasala, har makarantu suka koma wuraren kwana, ba ku jira gwamnati ba. Aka kafa takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, a unguwanni, wannan ya kawo buhun adas, wancan ya kawo gawayi, 'yan'uwa na Makka da Madina da Jidda suka turo ta Bankak, tukwane suka yi ta tafasa kullum. Ɗakin karatu bai kai takiyya cin kuɗi ba, domin sola sau ɗaya ake saye, sai kuɗin layi duk wata. Wanda ke neman abin da zai yi wa iyayensa waƙafi da shi, ga wuri. Ko za a iya sa zakkar amfanin gona a ciki, wannan hukunci ne na malamai, su za su faɗa, amma ƙofar sadaka a buɗe take.

Sai kuma ɓangaren da waya ba za ta taɓa iya ba, kuma a nan abin ya fi taɓa ni, don sana'ata ce. Ina iya yi wa ɗalibi bayani na sa'a guda a kan baƙar lakar Gadarif, yadda take darewa da rani har ƙafa ta shige, ta kumbura ta rufe da damina, da dalilin da ya sa take riƙe ruwan da ke nunar da dawa bayan sama ta ɗauke. Zai haddace, zai rubuta a jarrabawa, ya ci. Amma sai ya ɗebi ƙasar, ya jiƙa ta, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya ga yadda take miƙewa ba ta tsinke ba, sannan ya murza jigawa ya ji tana warwatsewa, a nan ne ya san ƙasa. Sai ya tsaya bakin ramin da aka haƙa a gona ya ga inda saiwa ta tsaya. Haka mai karatun jinya da bai taɓa neman jijiya a hannun yaro mai zazzaɓi ba, haka mai karatun injiniya da bai taɓa kwance injin ban ruwa ba. In muka bar su suka fito da takarda hannu bai san aiki ba, mu za su yi wa aiki gobe, a gonakinmu da asibitocinmu.

Manyan manomanmu, gonakinku su ne ɗakunan gwajin da suka rage mana a kusa. Ku bar mu mu kawo ɗalibai su haƙa rami a gefen gona, su auna, su ga taraktoci da injinan girbi, su yi kwana biyu tare da masu aikinku. Likitocinmu da masu kantin magani da masu ɗakin gwajin jini, kowa ya ɗauki ɗalibi ɗaya ko biyu da takardar jami'arsa, ya tsaya masa. Masu garejin gyaran mota da na walda, ku ma da ku nake.

Ranku ya daɗe sarakuna, ku ne ake buɗe wa ƙofar gwamna da ta ma'aikatar ilimi mai zurfi, don haka akwai saƙon da nake so ku ɗauka. Ku nemi a wajabta wa kowace jami'a ta ajiye darasinta a naɗe, kuma kada a kayar da ɗalibi don bai halarci darasin kai tsaye ba, tunda ba shi ke riƙe da wuta ba. Ku nemi ma'aikatar ta zauna da kamfanonin layi a buɗe shafukan jami'o'i kyauta ko a farashi mai rahusa. Ku nemi wanda karatunsa ya yanke saboda yaƙi ya dawo inda ya tsaya ba tare da tara ba. Amma wadda ta fi gaggawa ita ce jarrabawa. Jami'o'i da yawa suna koyarwa ta waya amma sai an zo da ƙafa ake rubuta jarrabawa, kuma daidai ne, don in aka bar ta a waya darajar takardar za ta zube. Sun buɗe cibiyoyi a garuruwa irin su Bur Sudan da Atbara da Kasala, har da Masar da Saudiyya. To ɗan ƙauyen Sinnar ko Damazin da aka ce ya je Bur Sudan, ina kuɗin mota, ina masauki na makonni, ina abinci? Ga shingayen bincike a hanya, kuma kun fi ni sanin irin tambayoyin da ake yi wa ɗan Bahaushe a kan takardun ɗan ƙasa, ko da kakansa a Maiurno ta yankin Sinnar aka haife shi. A shekarun 1990 an buɗe jami'o'i a jihohi, akwai ta Gadarif, akwai ta Kasala, akwai ta Sinnar, akwai ta Damazin. Ɗakunansu za su iya ɗaukar jarrabawar ɗalibin kowace jami'a in an yi yarjejeniya. Inda aka rasa, attajiri ɗaya ya ɗauki hayar mota, wani da ke da gida a garin jarrabawar ya sauke yaran.

Kafin ku shiga ofishin kowa, ku riƙe takarda a hannu. Kowane mai unguwa ya sa a rubuta ɗaliban jami'ar da ke unguwarsa: wace jami'a, wane fanni, shekara ta nawa, yana bi ko ya tsaya, me ya tsayar da shi. Aikin mako guda ne ga matasa biyu. Da ita za a san inda za a fara kafa ɗaki, da ita kuma za a yi magana a gaban hukuma.

Abokan aikina malaman jami'a 'yan gida, ban manta da halin da muke ciki ba. An yi watanni albashi bai zo ba, da yawanmu sun bar littattafansu na shekaru a Khartum sun fito da kayan jikinsu. Duk da haka, tura wa aji littafi mai shafi ɗari biyu a ce su karanta ba koyarwa ba ce. Mu yi magana da murya, mu gajarta, mu amsa tambaya ko ta makara da mako guda, mu nemi wanda ya yi shiru mu kira gidansu. Wanda ke ƙasar waje a cikinmu, wuta da layi ba sa yanke masa, ya ɗauki yaran unguwar da ya fito ya riƙa yi musu bita.

Wani zai ce ai an kusa gamawa, sojoji sun karɓe Madani a watan Janairu na 2025, sun karɓe Khartum a watan Maris, jami'o'i sun fara komawa mazauninsu. Alhamdu lillahi. Amma wanda ya ga abin da aka yi wa gine-ginen ya san ɗakin kwanan ɗalibai da ɗakin gwaji ba za su tashi a shekara ɗaya ba, kuma malamai da yawa da suka fita ba su dawo ba, daga can za su ci gaba da koyarwa. Karatu daga nesa ma ba yaƙi ne ya kawo shi ba, tun 2002 aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Sudan, kuma ita ma da cibiyoyi a jihohi ta tsaya, inda ɗalibi zai je ya sami littafi da mai yi masa bayani. Ɗakin da za ku buɗe yau zai yi wa matar aure amfani bayan an ajiye bindiga, zai yi wa manomin da ke son ƙara ilimi da rani, zai yi wa yaran da ke shirin jarrabawar shahada ta kammala sakandare, waɗanda 'yan ajin 2023 a cikinsu sai a ƙarshen Disamba na 2024 suka samu suka rubuta.

Ba na son tada tsohon miki, amma rikicin ƙabilancin da ya rutsa da Hausawa a Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi a 2022 ya nuna mana ƙarancinmu a wuraren da ake yanke hukunci. Kakanninmu sun zo ƙasar nan tun kafin yaƙin Burmi na 1903 da bayansa, sun noma audugar Jazira tun da aka gina madatsar Sinnar a 1925, sun noma dawa da riɗin Gadarif. Amma ranar da muka bukaci lauya da likita da ɗan jarida da babban ma'aikaci daga cikinmu, mun ƙirga su mun ga ba su da yawa. Waɗannan yara da suka ci shahada suka shiga jami'a, da yawansu su ne na farko a zuriyarsu. In suka zube yanzu, ƙannensu za su ga babu amfani, kuma sai mun yi wasu shekaru kafin a sake kai wannan matsayi.

Ina roƙon a tada maganar nan a zaman farko na kowace majalisar unguwa, kafin kuɗin riɗin bana ya watse. Ni da wasu abokan aikina mun shirya zuwa duk unguwar da ta ware ɗaki, mu duba irin sola da layin da ya dace, mu koya wa mai riƙe makulli yadda zai sauke darussa ya rarraba, kuma mu riƙa zuwa bita ranar Juma'a bayan la'asar ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya zaunar da Sudan lafiya.

Wassalam.

Ɗanku,
malamin ilimin ƙasar noma,
Gadarif.